Kawu Baibai da Ran Goggo Agwagwa

Idan Kawu Baibai ya leƙo daga shagonsa ya ɗaga kai sama ya ce, "Yau kam babu ruwa," sai ka ga matan layin sun fito da gudu suna kwashe shanya. Ba raini ba ne. Sun daɗe suna gwada shi, bai taɓa ba su kunya ba.

Gyaran fanka yake yi, da dutsen guga, da rediyo, wani lokacin har da talabijin. Shagonsa ɗan matsattse ne, a maƙale tsakanin shagon Tela da ɗakin Mai Kitso. Fankoki marasa fiffike a rataye a rufi, gwangwanayen madara cike da sukurori, benci guda da bulo ke riƙe masa ƙafa ɗaya, ga warin ƙonanniyar waya da ya riga ya kama bango. A wajen aiki hannunsa ba ya kuskure. Bakinsa ne ba ya dacewa da gobe. Duk abin da ya hango, akasinsa ke zuwa, shi ya sa aka sa masa Baibai tun yana saurayi, sunan ya bi shi har furfura.

Da matarsa ta yi cikin fari ya ce namiji ne, ya sayo ƙwallo. Aka haifi mace. A na biyu ya ce wannan karon ya tabbata. A na uku ungozoma ta tare shi a ƙofa ta ce, "Malam, me ka ce?" Ya ce namiji. Ta juya ciki ta ce a ɗauko ɗan kunne. Ita ce Auta, wadda yanzu take aiki a kantin magani.

Masu kawo gyara ma sun san kansa. In ya miƙa maka fankarka ya buɗe baki zai ce, "Wannan sai jikokinka," sai ka yi maza ka ce, "Kawu, na gode, a bar shi haka."

Abin kuma yana da sharaɗi. Sai maganar da ta fito daga zuciyarsa take juyewa. Tela ya taɓa roƙonsa ya ce ƙungiyar ƙwallonsu za ta sha kashi, don ta ci. Kawu ya faɗa yana dariya, da wasa. Aka lallasa su kuwa. Tun ranar kowa ya gane ba a yi wa abin wayo.

Shi dai bai yarda yana kuskure ba. Cewa yake yi, "Ni daidai nake faɗa. Abubuwa ne suke canza ra'ayi."

Anime kuwa, wato finafinan zane na Japan, ta hanyar aiki ya same shi. Wani ya kawo talabijin gyara ya manta filas ɗinsa na finafinai a jikinta. Kawu ya kunna don ya gwada hoto, sai ga wasu mutane masu manyan idanu da koren gashi suna hawa tsani zuwa sama riƙe da tiyo. Labarin 'yan kwana-kwanan sararin sama ne, waɗanda aikinsu su kashe taurarin da suka faɗo kafin su ƙone gari. Ya ce bari ya ga ƙarshen wannan guda ɗayan. Mai talabijin ya yi ta zarya ana ce masa ba a samu kayan gyara ba, har ya gaji ya kwafe wa Kawu abin da ke cikin filas ɗin.

A hankali Tela ya fara leƙowa da almakashi a hannu. Mai Kitso ta fara cewa kwastomominta su jira ta je ta dawo. Auta ta shiga, ita ke samo sababbin fitowa da fassara a ƙasa. Ranar hutu da yamma bencin nan mai bulo ba ya samun sarari. Wanda duk ya kuskura ya ce katun suke kallo, Kawu zai ajiye sukudireba ya ce, "Katun na yara ne. Wannan anime ne. Ana mutuwa a ciki."

A duk taron 'yan kwana-kwanan nan, ɗaya ce ta shiga ransa. Wata tsohuwar agwagwa ce mai tabarau, ita ke gyara musu famfunan ruwa, in jarumin ya cika ihu ta kwaɗa masa sufana a ka. Sunanta na asali ba wanda ya iya faɗa a layin, sai suka sa mata Goggo Agwagwa. Kawu ya manna hotonta a saman teburin aikinsa. "Ku dubi yadda take riƙe sufana," yakan ce. "Wannan ta yi koyon aiki a hannun manya."

Hasashensa a kan labarin ma bai saɓa al'ada ba. Ya ce mutumin nan mai rufe fuska uban jarumi ne; ashe mai gidan hayarsa ne yake binsa. Ya ce jarumi zai auri yarinya mai shuɗin gashi; ashe tauraruwa ce ta rikiɗa, dole aka watsa mata ruwa. Ya ce labarin ya kusa ƙarewa. Yau shekaru ke nan ana yi.

Rigima ta tashi ne ranar da Auta ta shigo shagon da waya a hannu tana haki.

"Baba, fim za su yi! Babba, na sinima! Ga tallan ya fito."

Tela ya baro ɗinki, Mai Kitso ta zo da mataji a soke a gashinta. Aka haɗa kai a kan wayar. Wani ƙaton tauraro ja ya cika sama. Jarumi yana ihu, wanda wannan ba sabon abu ba ne. Sai kiɗan ya yi sanyi. Aka nuna sufana a yashe a ƙasa, ruwa yana zuba a kanta, ga tabarau a gefe ya tsage.

Mai Kitso ta dafe ƙirji. "Wayyo, za su kashe mana Goggo."

"Ba lallai ba ne," in ji Tela. "Masu talla maƙaryata ne. Sai su nuna maka takalmi ka yi ta kuka, ashe mutum wanka ya shiga."

"Agwagwa tana cire tabarau in za ta yi wanka?"

"Ke kin taɓa ganin wankanta?"

Suna cikin wannan Kawu ya miƙe, ya goge hannu da tsumma, ya yi murmushin mutumin da hankalinsa yake kwance.

"Ku kwantar da hankalinku," ya ce. "Babu abin da zai sami Goggo. Ni na faɗa muku."

Matajin Mai Kitso ya faɗo ƙasa.

"Baba," Auta ta ce a hankali, "da wasa kake ko har zuciya?"

"Har cikin zuciyata."

Tela ya zauna a kan bencin ya riƙe kai. "Shi ke nan. Ya kashe ta."

"Ni? Ni da na fi kowa sonta?"

"Ai shi ya sa. Wa ya aike ka? An tambaye ka?"

Da yamma suka yi shawara a ɗakin Mai Kitso, wata kwastoma tana zaune da rabin kai a tsefe tana sauraro. Ba amfanin a sa shi ya janye da baki. Hanya ɗaya ce: kafin ranar fitowar fim, sai an sa Kawu ya yarda, yarda ta gaske, cewa Goggo Agwagwa za ta mutu.

Tela ne ya fara. Kullum da safe sai ya shigo da sabuwar hujja.

"Ka ga fostan nan? Kowa yana kallon gaba, ita kaɗai take kallon sama. Me take nema a sama?"

"Tauraro. Aikinsu ke nan."

"To me ya sa aka ajiye ta a can baya, launinta ya kwashe?"

"Tawadar mai bugawa ce ta ƙare."

Mai Kitso ta zo da tata. A guruf ɗin masu kallo an yaɗa hoton matar da take yi wa Goggo murya, an ba ta furanni tana share hawaye. "Kawu, ana ba mutum furanni a wurin aiki in ba sallamarsa za a yi ba?"

"Wataƙila ranar haihuwarta ce."

"Da kuka?"

"Ke in aka tuna miki shekarunki dariya kike yi?"

Auta ta bi ta hanyar ilimi. Ta ce a anime duk wanda aka tsaya aka nuna yarintarsa, to kwanansa ya ƙare, ga shi kwanan nan an nuna Goggo tun tana cikin ƙwai. Kawu ya ce ai an nuna yarintar jarumi sau ba adadi, ga shi nan yana ta ihu lafiya lau. A guruf kuwa an rabu gida biyu, masu cewa za ta mutu da masu cewa tabarau kawai za ta canza, har wani ya ce shi a ganinsa Goggo ce ma take turo taurarin don kada aikin gyara ya yanke mata. Aka cire shi daga guruf ɗin.

Ranar fim tana matsowa, Kawu yana ƙara taurin kai. Har waƙa yake yi yana naɗa waya.

Matarsa ba ta taɓa kallon ko minti ɗaya ba. Wata rana da rana ta kawo masa abinci shago, ta tarar da su sun kewaye shi kamar masu biko. Ta ajiye kwano ta saurara.

"Ku tsaya," ta ce. "Fim ɗin nan ba an riga an zana shi an gama ba?"

"Tun bara," in ji Auta.

"To ta yaya maganar babanki a cikin shagon fanka za ta canza abin da aka gama tun bara?"

Tela ya girgiza kai. "Maman Auta, ai shi ma tun kafin bara yake kuskure."

Da alama ta tuna ƙwallon da aka saya sau uku. Sai ta ja kujera ta zauna gaban mijinta.

"Malam, agwagwar nan tsohuwa ce?"

"Ta manyanta. Amma da ƙarfinta."

"Akwai wanda take koya wa aiki?"

"Akwai wani ɓeran da take koya wa. Bai iya komai ba."

"Ta taɓa yaba masa?"

"Sau ɗaya. Kwanan nan. Ta ce ya fara hankali."

"Uhm. To ta taɓa cewa, in an gama wannan aikin zan huta?"

Cokalin da ke hannun Kawu ya tsaya a hanya.

"Ta ce... ta ce in suka kashe wannan babban tauraron, za ta koma tafkinsu ta yi kiwon kifi."

Maman Auta ta miƙe ta gyara mayafi. "Ka yi haƙuri, Malam. Ko a cikin mutane, wanda ya fara irin wannan maganar sai a fara yi masa addu'a."

Ta tafi abinta. Kawu ya dubi hoton da ke saman tebur ya daɗe.

"Za ta mutu," ya ce. "Wallahi za su kashe ta. Tafkin nan ba za ta gan shi ba."

"Har zuciya?" in ji Auta.

Hawayen da ya gangaro masa ne ya ba ta amsa. Tela ya daka tsalle har kansa ya bugi wata fanka. Mai Kitso ta rangaɗa guɗa.

"Ta tsira! Goggo ta tsira!"

"Ku fita mini daga shago," in ji Kawu. "Marasa imani. Ana makoki kuna rawa."

Kwanakin da suka biyo baya Kawu ya rame. Ya daina waƙa. Wani ya kawo dutsen guga ya ce ya mutu, Kawu ya ce masa kowa ma haka zai yi. Tela kuwa yana wucewa yana fito.

Auta ce ta ƙara dagula lissafin. Tana taya shi rufe shago ta ce, "Baba, ka san in ta mutu ɗin, ka canka daidai ke nan? Karo na farko."

Kawu ya tsaya da kwaɗo a hannu. Wannan bai zo masa a rai ba. Tun yana saurayi yake jiran ranar da zai dubi mutanen layin nan ya ce musu, na faɗa muku. Sau da yawa ya gwada faɗar kalmomin shi kaɗai a cikin shago, don ya ji yadda za su zauna a bakinsa.

Ya leƙa shagon Tela. "Kai. In ta mutu, za ku daina ce mini Baibai?"

"In ta mutu, har in bar duniya da sunanka na yanka zan kira ka," in ji Tela yana dariya. Sai ya ɗan tsaya. "Af, wai menene ma sunan?"

"Ranar za ka ji."

Ya koma gida bai san abin da zai roƙa ba. In Goggo ta rayu, shi Baibai ne har kabari. In sunansa ya dawo, Goggo ta tafi. Maman Auta ta ce ya ci abinci tukuna, agwagwa ba za ta san ya yi mata yunwa ba.

Ranar fitowar fim aka rufe shaguna uku da rana tsaka. Kawu ya sa kayansa na zuwa ɗaurin aure. Maman Auta ta ce za ta bi su, ba don fim ba, don a samu mai riƙe shi. A ƙofar sinima mai gadi ya laluba aljihunsa ya zaro sufana.

"Baba, wannan fa?"

"Girmamawa ce."

Mai gadi ya dubi sauran layin, ga wani ƙato da koren gashin roba, ga wata ta rataya tiyo a kafaɗa. Ya mayar masa da sufanarsa.

Suka zauna a jere, Kawu a tsakiya, Maman Auta da ƙunshin gugguru a cinya. Fim ya fara. Jarumi ya yi ihu. Aka hau tsani, aka sauko, aka sake hawa. Duk sanda Goggo ta fito sai Kawu ya dafe aljihu. Tela kuwa ya miƙe ƙafa yana raɗa wa na kusa da shi, wanda bai san shi ba, "Kada ka damu, ba za ta mutu ba. Muna da hanya."

Sai babban tauraron ya iso, babban famfo ya tsaya cak. Babu mai iya gyara shi sai daga ciki, cikin wutar. Goggo ta cire tabarau ta miƙa wa ɓeran nan. Ta kwaɗa wa jarumi sufana a ka, a hankali wannan karon. Ta shiga. Ruwa ya ɓalle, tauraro ya mutu, gari ya tsira. Aka nuna sufana a ƙasa. Aka jira. Ba ta fito ba. 'Yan kwana-kwana suka jeru suka cire huluna, aka nuna wani tafki shiru babu kowa a bakinsa, kiɗa ya tashi, sunayen masu fim suka fara hawa.

Tela ya janye ƙafafunsa. Bakinsa a buɗe.

"Ya canka," ya ce. "Jama'a, ya canka."

Kawu ya miƙe tsaye. Fuskarsa sharkaf da hawaye, har gemu. Ya juya ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Na faɗa muku," ya ce, muryarsa ta karye a tsakiya. Ya sake gwadawa. "Na faɗa muku." Sai ya fashe da kuka sosai.

Mai Kitso ta rasa wanne za ta fara. "Barka, Kawu. Allah ya ba da haƙuri. Barka. Sannu da rashi."

Mutane sun fara fita. Tela ya tashi ya kama hannun Kawu da hannu biyu, da ladabin da bai taɓa yi masa ba.

"Alkawari ne, ban manta ba. Faɗa mini sunan."

Kawu ya share fuska da hannun riga, ya gyara tsayuwa kamar mai jawabi.

"Za ka ji. Amma ku fara jin wannan, tunda yanzu kun san maganata magana ce. Kada wanda ya yaudari kansa. Na san wutar lantarki, balle ta tauraro. Wanda ya shiga can ba ya fitowa. Goggo ta tafi, ba za mu sake ganinta ba har abada."

Auta ta damƙe hannun Tela.

"Baba... har zuciya?"

"Har ɓargo."

"Ku zauna," in ji Auta. "Kowa ya zauna!"

Sunaye suka ƙare. Allon ya yi baƙi. Mai shara har ya shigo da tsintsiya. Sai aka ji wani abu daga lasifika, ƙwan, ƙwan, ƙwan. Hoto ya dawo. Wani masunci ne a tafki yana jan koma da ƙyar. A cikin komar, tsakanin kifaye, ga wata halitta baƙa ƙirin, babu gashi ko ɗaya a jikinta, hayaƙi yana tashi daga kanta, tana dukan gefen kwalekwale da baki. Ta buɗe ido ɗaya. Fassara ta fito a ƙasa: "Wane mara kunyar ne ya tafi da tabarauna?"

Ihun da Kawu ya yi ya fi na jarumin. Ya haye kujera da kayan ɗaurin aurensa yana kaɗa sufana a sama. "Tana nan! Goggo tana nan! Ta ga tafkin!" Waɗanda suka kai ƙofa suka dawo da gudu suna tambaya me ya faru. Mai shara ya ce a sauko masa daga kujera. Maman Auta ta riƙe ƙafar wandonsa da hannu ɗaya, ɗayan yana cikin gugguru.

A waje rana ba ta faɗi ba tukuna. Tela yana ta share hawayen dariya.

"Baibai," ya ce. "Kai, Baibai!"

"Na'am," in ji Kawu, kafin ya tuna. Sai ya ɗaure fuska. "Amma a rubuta, na yi daidai. Tun daga inda ta shiga wuta har ƙarshen waƙar nan, ni ke da gaskiya. Kowa ya gani."

"An gani," in ji Mai Kitso. "To faɗi sunan mu kira ka da shi daga nan zuwa bakin titi."

Kawu ya yi tunani, ya yarfa hannu. "Bar shi. Ko kun kira ba zan waiga ba."

Suka kama hanya. Ya yi ɗan nisa yana murmushi shi kaɗai, sai fuskarsa ta canza, ya rage tafiya.

"Sai dai gashin nan nata da ya ƙone," ya ce. "Ni a ganina, nan da..."

"Baba!"

"Kawu, don Allah!"

Maman Auta ta ɗebi gugguru cike da hannu ta cusa masa a baki, ta riƙe haɓarsa har suka tsallaka titi.